Kafin Ka Saki Reshe

Ɗana,

Tun daren da ka zo ka zauna a zaure, ka bar shayinka ya huce a kofi kana ta juya makullin babur a hannu, na san da magana a bakinka. Ba ka fito da ita ba sai da na rako ka bakin ƙofa. Shago ya karye, abin da ake binka ya fi abin da ka mallaka, ga tayin sabon aiki, ga ciki da falo da ka gano a unguwar Zariya ta Maradi kana son kamawa. Ban ba ka amsa a tsaye ba, don irin wannan ba a yanke ta da takalmi a ƙafa.

Bari in soma da abin da babanka bai taɓa gaya maka ba, don ya rufa mini asiri. Ni ma na karye. Ran 12 ga Janairun 1994 muka wayi gari an rage darajar Sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa da ke kan Sefa 50 ya koma 100. Atamfar da na ɗauko bashi da kuɗin Faransa aka rubuta ta, sai bashina ya ninka ina barci. Wannan ƙaddara ce, ba ni da laifi a ciki. Laifina shi ne abin da na yi bayan haka. Na yi shekara da rabi ina ranto a hannun wannan ina toshe bakin wancan. Da Layya ta zo na sayi ragon da ya fi na bara, na ɗaure shi a ƙofar gida don kada mutanen garinmu Tsibiri su yi zance. Zancen kuwa an yi shi, kuma gonar fadamarmu ta bakin gulbi ita ta biya kuɗin wannan ragon da 'yan'uwansa. Da na buɗe baki tun watan farko, da yau kuna cin tumatirinta.

Kai ma na san ba caca ka yi ba. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyaka. Ka fara farfaɗowa ke nan, sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ga takunkumin CEDEAO, hanyar Ɗan Isa da Jibiya ta sake toshewa, aka yanke wutar da ke zo mana daga can, firizarka ta koma akwatin ajiyar kwalabe. Manyan alhazan Maradi ma sun ji a jikinsu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma mai binka ba tarihin iyaka zai ci ba, don haka mu koma kan abin yi.

Sayi littafi na dala ashirin. Rubuta kowa, da abin da yake binka, da ranar da kuka yi da shi. Kada ka tsallake ƙanana don kunya, har mai kanti da ka karɓi shinkafa a wurinsa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, mu kuwa sai mu ce ai akwai yarda. A shafi na dabam ka rubuta abin da ba naka ba ne tun asali: ajiyar da aka ba ka amana, da kayan da aka ajiye maka ka sayar ka kai kuɗi. Waɗannan ba bashi ba ne, a mayar wa masu su yau. Sannan zubin adashin da matarka ta ɗauko maka daga ƙungiyarsu, ka tuna kuɗin mata ne masu tuyar ƙosai da ƙuli-ƙuli. A nan yankin Maradi aka fara irin wannan ƙungiya, Mata Masu Dubara, a 1991, kuma yarda kaɗai ke riƙe da asusun. In ya fashe ta hannunka, matarka ce za ta kasa shiga biki.

Ka ce ka gani a waya cewa a Amurka mutum kan je kotu ya ce ya talauce, a yafe masa bashi ya sake sabon lale. Haka ne a can. A nan dokar kasuwanci ta OHADA muke bi, wadda aka sabunta a 2015, kuma an yi ta ne don 'yan kasuwa da masu sana'ar kansu da kamfanoni, ba don mai albashi ba. Tunda shagon da sunanka yake, tana iya hawa kanka, kuma tana son wanda ya kasa biya ya sanar da kotu cikin kwana 30. Saboda haka ka ware kuɗin ganin lauya sau ɗaya, ka tafi masa da littafin. Abu guda nake roƙonka kafin nan: kada ka mayar da filinka sunan matarka, kada ka kai babur gidan aboki ka ɓoye. Kotu na iya warware irin wannan. Malamanmu na Malikiyya ma sun hana wanda bashi ya cinye dukiyarsa yin kyauta da ita. A wurinsu ana raba abin da ya rage ga masu bi, kowa gwargwadon nasa, a bar wa mutum abin ci da sutura shi da iyalinsa, wanda kuma ya tarar da hajarsa tana nan yadda ya ba da ita ya fi kowa cancantar ɗauka. Wanda ba shi da komai, jira aka ce a yi masa har ya samu. Sai dai ba a jiran wanda ya kashe waya.

Batun barin aikin albashin da kake yi don sabo, kada ka saki reshe ka kama ganye. Alkawarin baki ba aiki ba ne. Sai ka riƙe takardar kwantiragi, ka karanta ka ga watannin gwaji nawa ne, don a cikinsu ana iya sallamarka ba wani dogon bayani. Wanda ya ajiye aiki da kansa ba ya samun kuɗin sallama irin na wanda aka kora, kuma in bai ba da sanarwa a kan lokaci ba, shi za a bi. Ka karɓi takardar shaidar aiki, da kuɗin hutun da ba ka ci ba, ka tabbata tsohon uban gidanka ya zuba maka na CNSS, ka kai lambar wurin sabo. Tunda ta banki albashinka ke biyowa suna cire bashin da suke binka, je ka gaya musu da ƙafarka. Tsakanin albashin ƙarshe na can da na farko na nan akwai rami, wani lokaci na wata biyu, kuma a cikinsa mutane ke cin bashin da ya fi na farko muni.

Gidan haya kuwa, ra'ayina ba zai yi maka daɗi ba. Kada ka kama yanzu. Mai gida zai nemi na watanni a dunƙule, ga kuɗin ajiya, ga na dillali, kuma duk wanda ke binka zai ji ka tare a sabon gida. Me za ka ce masa? Daga Tsibiri zuwa Maradi tafiyar 'yan mintoci ce a babur. Ɗakin kakarku yana nan, rufinsa lafiya lau, ba abin da yake so sai shafe da sabuwar tabarma. Na san matarka ta ƙosa ta samu tukunyarta ita kaɗai, kuma tana da gaskiya. Ka zaunar da ita ka nuna mata littafin shafi-shafi, ka yi mata alkawarin wata shida, ba "in Allah ya hore" kawai ba.

In kuma sabon aikin ya tilasta zaman birni, kama ƙarami, wanda ko albashi ya makara za ka iya biya. Ku rubuta yarjejeniya da shaidu, kowane biya da rasit. Duba mitar wuta ta NIGELEC da ta ruwa, kada ka gaji bashin wanda ya tashi. Dubi gindin katanga ka ga inda ruwa ya taɓa kaiwa, ka tambayi maƙwabta yadda suka kwana a daminar 2024, lokacin da gidaje suka yi ta zubewa a Maradi. Mai gida ba zai faɗa maka ba, tsohuwar da ke kallon ƙofar za ta faɗa.

Ran Juma'a bayan an sauko, zo da littafin. Da Alhajin da ya fi kowa binka za mu fara, tun bai aiko ba. Ni zan yi sallama, ni zan yi gaisuwa, in na gyara zama kai za ka buɗe shafin ka faɗi abin da za ka iya kawowa duk wata, ko da jika goma ne, ban da ƙari don neman yabo. Ka sa tsohuwar rigarka, ka bar agogon nan a gida.

Kawunka.