Wace Daula Ce Ta Fi Faɗin Ƙasa A Tarihi?

Tambayar nan takan tayar da gardama a ajin tarihi. Wasu su ce Rumawa, don sunansu ne ya fi yawo a littattafai. Wasu su ce Ingila, don iyayenmu da kakanninmu sun ga mulkinta da idonsu. A wannan darasi za mu ɗora manyan daulolin a kan ma'auni ɗaya, wato faɗin ƙasar da kowacce ta mallaka lokacin da take ganiyarta, sa'an nan mu duba abin da ma'aunin yake ɓoye mana.

Tun da miliyoyin murabba'in kilomita ba abu ne da ido zai iya kamawa ba, bari mu ɗauki Nijeriya ta zama mudun awonmu. Faɗinta murabba'in kilomita 923,768 ne, wato miliyan ɗaya ba kaɗan. Ku riƙe wannan a ka. Ku kuma sani cewa alƙaluman tsofaffin dauloli ƙiyasin masana ne, domin babu wanda ya bi iyakar Mongolawa da igiyar awo.

Wadda ta zo ta ɗaya ita ce Daular Ingila. Wajen shekarar 1920, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da aka danƙa mata wasu ƙasashen da Jamus da Turkiyya suka rasa, kamar Tanganyika da Iraƙi da wani yanki na Kamaru, faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 35.5. Wannan ya yi Nijeriya 38, kusan rubu'in busasshiyar ƙasar duniya baki ɗaya. Shi ya sa ake mata kirari da daular da rana ba ta faɗuwa a cikinta, don in magariba ta yi a Kano, a wani sashen nata hantsi ne.

To amma mu buɗe buhun mu ga abin da ke ciki. Kanada tana da kusan miliyan 10, Ostireliya kuwa miliyan 7.7. Ke nan ƙasashe biyu kaɗai sun cinye rabin faɗin daular. A ƙidayar 1921, mutanen ƙasashen nan biyu, in an haɗa su, ba su kai miliyan 15 ba, don arewacin Kanada ƙanƙara ce, tsakiyar Ostireliya kuma hamada. Indiya, wadda ba ta kai kowaccensu faɗi ba, tana da mutane fiye da miliyan 300. Can ne haraji yake, can ne sojoji suke, can ne kasuwar yadin Ingila take. Da Indiya ta sami 'yanci a 1947, taswira ba ta ragu sosai ba, amma mafi yawan talakawan daular sun fita daga hannunta a shekara guda. Nijeriya ta bi baya a 1960.

Ta biyu ita ce Daular Mongolawa, kuma a ganinmu ita ce ta fi ban mamaki. Ingila tana da jiragen ruwa masu tururi da wayar tangaraho da bindiga mai ruwa. Mongolawa makiyaya ne masu zama a tantuna, ba su da komai sai doki da baka. A 1206 ƙabilunsu suka haɗu suka naɗa Jangis Khan shugaba. Kafin a yi shekara 80, shi da 'ya'yansa da jikokinsa sun mallaki ƙasa tun daga Koriya har gabashin Turai, kimanin murabba'in kilomita miliyan 24, kuma duk a haɗe take, ba teku a tsakani. Har yau ba a sake yin daula haɗaɗɗiya mai wannan faɗi ba. Jikansa Hulagu ne ya ci Bagadaza a 1258, ya kawo ƙarshen halifancin Abbasiyawa a birnin. Wani jikan, Kublai Khan, ya gama cin ƙasar Sin a 1279.

Yaya aka yi saƙo yake ratsa irin wannan ƙasa? Sun kafa zango-zango a kan manyan hanyoyi, kowane zango da dawaki hutattu da abinci. Manzo zai iso a sukwane, ya sauka daga kan gajiyayyen doki, ya haye wani, ya wuce. Kowane mayaƙi kuma yakan fita da dawaki da dama yana sauyawa, abin da ya sa rundunarsu takan auka wa gari tun labarinta bai iso ba.

Sai dai komai faɗin gona akwai kunyar ƙarshe. A 1260 Mamalik na Masar suka tare su a Ain Jalut, cikin Falasɗinu, suka kore su. A shekarar nan kuma rigimar gadon sarauta ta ɓarke tsakanin jikokin Jangis, daular ta kama hanyar rabuwa gida huɗu. Abin lura a nan shi ne, lokacin da taswira take nuna daular a iyakar faɗinta, sarakunanta suna yaƙar juna. Sunan ɗaya ne, amma umarnin Kublai bai wuce gabas ba.

Rasha ce ta uku, da kimanin miliyan 22.8 a ƙarshen ƙarni na 19. Ita fatar dabbobi ce ta ja ta. Mafarauta da 'yan kasuwa masu neman fatu masu laushin gashi, waɗanda ake sayarwa da tsada a Turai, suka tsallaka duwatsun Ural wajen 1581, suka yi ta bin koguna suna kafa ƙananan sansanoni na katako, suna karɓar fatu a matsayin haraji daga mutanen wurin. A 1639 suka isa gaɓar tekun Pasifik. Har Alaska suka mallaka, kafin su sayar wa Amurka a 1867 a kan dala miliyan 7.2. Tarayyar Sobiyet ta gaji kusan dukan wannan ƙasa, ta wargaje a 1991, amma Rasha ta yau, da miliyan 17, ita ce dai ƙasa mafi faɗi a duniya.

Daga nan sai alƙaluman su faɗo. Daular Cing ta ƙasar Sin ta kai miliyan 14.7 wajen 1790, da mutane kusan miliyan 300, fiye da ninki biyu na mutanen Rasha a ƙidayar 1897. Sifaniya ta kai kimanin miliyan 13.7, mafi yawa a nahiyar Amurka. Faransa ta haura miliyan 11. Halifancin Banu Umayya, daga Andalus har bakin Indiya, shi ma wajen miliyan 11 ne a ƙarni na 8.

Ina Rumawa? Suna can baya. A shekara ta 117 Miladiyya, zamanin sarki Tirajan, faɗin daularsu kimanin miliyan 5 ne, bai kai Ostireliya ba. Amma ƙasa ce mai noma da birane, kewaye da Bahar Rum, sun kuma riƙe ta ɗaruruwan shekaru. Faransanci da Sifaniyanci da Italiyanci duk daga harshensu suka fito.

Akwai wata matsalar da mu ya kamata mu fi kowa ganewa, don a kanmu aka yi ta. Shafa wa taswira launi daban, mulki daban. A 1890 Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka ja layi daga garin Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin Tafkin Chadi, kudu na Ingila, arewa na Faransa. A lokacin Sarkin Musulmi yana kan gadonsa a daular Sakkwato, Sarkin Damagaram yana kan nasa, ba wanda aka tambaya. Cinikin biri a sama ke nan. Firayim Ministan Ingila na lokacin, Salisbury, har ba'a ya yi a majalisa cewa abin da aka bar wa Faransa yashin Sahara ne. Faransa ba ta kama Damagaram ba sai 1899. Lugga ya yi shelar mulkin Arewa a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, amma Kano da Sakkwato ba su shiga hannu ba sai 1903. Rabon Faransa kuwa ya zo da ƙarancin rijiyoyi, har sai da aka gyara iyakar a 1904 don ayarinta ya sami hanya mai ruwa zuwa Damagaram. A ƙarshen 1916 Kawusan da mayaƙansa suka yi wa sansanin Faransawa na Agadas ƙawanya wata da watanni, alhali a taswirar makarantun Faris an daɗe da shafe wurin da launin Faransa. Duk wannan hamada tana cikin miliyan 11 ɗin da muka ambata.

Ita kanta taswirar da ke rataye a bangon aji tana da nata ruɗin. Da dama daga cikinsu suna bin tsarin da Makato ya fitar a 1569 don amfanin matuƙan jirgin ruwa, wanda yake kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya. Shi ya sa Kanada da Saiberiya suke cika ido fiye da ƙima. Ku je ɗakin karatu ku ɗauko dunƙulalliyar taswirar nan mai kama da ƙwallo, ku gwada tsibirin Girinlan da Afirka. A bango kusan kai ɗaya suke. A ƙasa kuwa Girinlan miliyan 2.2 ce, Afirka miliyan 30, wato ta ninka ta wajen sau 14.