In Za Ku Tafi, Ku Tafi Ci-rani

'Ya'yana masu fararen kaya,

Shekara talatin da biyu na yi ina jinya da karɓar haihuwa, goman ƙarshe a aji ina koyarwa. Tun da na yi ritaya, da wuya wata ya mutu ban ji sallamar ɗayanku a ƙofar gidan nan ba. Sai a shigo da fayil a hannu, a durƙusa, a ce, "Mama, biza ta fito, na zo ki sa mini albarka." Ina sa albarka, kuma har zuciyata nake sawa. Amma in baƙon ya fita nakan daɗe a kan tabarma ina tunanin ɗakin da ya baro a asibiti, da wanda zai kwana a cikinsa daren yau.

Na san abin da ke korar ku, don haka ba zan ga laifin kowa ba. Na taɓa karɓar haihuwa da fitilar waya a bakina, a wani asibitin da ba zan ambata ba, saboda babu man janareto. Na ga likita ɗaya ya duba layin da ya kai bakin titi, ya shiga tiyata, ya fito ya koma kan layin, sannan ƙarshen wata albashin bai zo ba. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a banki ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, albashinku ya narke a hannu. Ga rashin tsaro: a ƙarshen 2023 an shiga gidajen ma'aikatan wani asibiti a Kaduna aka ɗauke wata likita, ta yi wata goma a hannun 'yan bindiga. Shugabannin Afirka kuwa a nan Abuja suka taru a 2001 suka yi alkawarin ba harkar lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, har yau Nijeriya ba ta je kusa ba. Wanda ya ga duk wannan ya nemi mafita, ruwa ne bai yi tsami banza ba.

Tafiya ma ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu fatake sun taka har Gwanja neman goro. Wasu sun kama hanyar Makka da ƙafa, zango ya zame musu gida a Sudan, jikokinsu na can har gobe. Mu ma a zamaninmu mun ga irin taku. Bayan da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, manyan likitocin asibitocin koyarwa sun yi ta kwarara Saudiyya. Cikin waɗanda suka koyar da ni akwai waɗanda ban sake gani ba.

Sai dai mutanenmu suna da suna biyu ga mai barin gari. Akwai mai ƙaura, akwai ɗan ci-rani. Ɗan ci-rani yakan fita bayan an kawar da amfanin gona, ya je birni ya yi dako ko ga-ruwa ko yankan farce, amma kunnensa na wajen hadari. Ba ya sayar da gona, ba ya cinye iri. Da gajimare ya fara haɗuwa a gabas, ya ɗaure kayansa. Irin wannan tafiyar nake roƙa muku.

Ku duba girman giɓin. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun baya, waɗanda suka rage kusan 55,000 ne, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Waɗanda suka ragen ma sun fi taruwa a Legas da Abuja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 a 2023 waɗanda ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai a daina zuwa ana ɗibar musu mutane; Nijeriya na ciki, Nijar da Gana da Kamaru da Cadi ma haka. Shi ya sa raina ya ɓaci ƙwarai a 2019 da ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, ya ce muna da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. Da ya kwana ɗaya a ɗakin haihuwa na wani babban asibitin karkara, da bai faɗi haka ba.

Za ku ce mini ai ana aiko kuɗi. Gaskiya ne, kuma ba kaɗan ba: abin da 'yan Nijeriya ke turowa gida a shekara yana kaiwa kusan dala biliyan 20. Na ga gidajen da aka rufe da kwano da wannan kuɗin, na ga marayun da aka biya wa makaranta. Allah ya saka. Amma matar da jijjiga ta kama da ƙarfe biyun dare, ko wadda jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, ko ɗan'uwanta ya turo fam dubu daga Landan, hannu take bukata, hannun da ya san inda zai taɓa. Kuma abin da ya fi ci mini rai, wanda lissafin gwamnati ba ya nunawa, shi ne tafiyar masu koyarwa. In babban likita ɗaya ya tashi, ƙananan likitoci goma da ke koyon tiyata a ƙarƙashinsa sun zama marayu. In tsohuwar sista ta tafi, ta tafi da abin da babu shi a littafi: yadda ake gane naƙudar da za ta ƙi tun daga kallon fuskar mace, yadda ake lallashin mijin da ya hana a yi wa matarsa aiki. Ni a wurin wata dattijuwa na koyi waɗannan, a tsaye kusa da gado, shekara da shekaru. Da ta tafi kafin in zo, da ban san su ba, da ku ma ban koya muku ba.

Akwai kuma bashi. Karatun likita a jami'ar gwamnati, abin da kuka biya bai kai rabin rabin abin da aka kashe muku ba. Wasunku jiha ce ta tura ku Sudan ko Masar, kuka sa hannu za ku dawo ku yi mata aiki na wasu shekaru. Kuɗin nan na manomi ne da mai sayar da ƙosai. Ban goyi bayan ƙudirin da aka kai majalisar wakilai a 2023 ba, na hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar a gida, don ba a ɗaure mutum da igiya a ce ya yi jinya da zuciya ɗaya. Amma alkawarin da ka sa wa hannu da kanka, ɗana, cika shi kafin ka hau jirgi. Haƙƙin jama'a ba ya bin ruwa.

Ku kuma yi hattara da dillalai. 'Yan mata da yawa sun sayar da filin gado sun ba wani wai zai samo musu aikin kula da tsofaffi a Ingila, suka isa babu aikin. Tun watan Maris na 2024 ma, mai irin wannan bizar ba ta da ikon tafiya da miji ko 'ya'ya. 'Yata, ki tambaya da kyau, ki bi ta hukuma, kada ki bar jaririnki a kan maganar wanda ba ki san gidansu ba.

Masu komowa suna nan, ba tatsuniya ba ce. Dokta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, a Birmingham ya yi karatu, ya dawo ya yi wa mutanensa aiki, ga asibitin koyarwa a Kaduna da sunansa. Shi kansa Pate, ɗan Misau ne da ya yi karatu a Zariya, ya yi aiki a Gambiya da Amurka da Bankin Duniya, ya dawo a 2008 ya riƙe hukumar lafiya matakin farko lokacin da shan-inna ke nakasa yaranmu. Wanda kuma nakan tuna in ji kunya ta kama ni shi ne Dokta Kees Waaldijk, mutumin Holan, da ya zauna a Babbar Ruga ta Katsina tun farkon shekarun 1980, ya yi wa dubban matanmu aikin yoyon fitsari, ya koya wa likitocinmu. Ya bar ƙasar da kowa ke son zuwa, ya zo inda muke gudu.

Ba kowa zai iya dawowa ɗungurungum ba, na sani. Yara za su shiga makaranta a can, rayuwa za ta yi saiwa. To ko hutun shekara ne, a ware mako biyu a shiga asibitin garinku a yi aiki tare da na gida, cikin ladabi, ba tare da nuna musu sun koma baya ba, domin su ne suka riƙe wurin da kuka bari. A sabunta lasisin gida kada ya mutu. A ɗauki ɗalibi ɗaya ana bibiyarsa ta waya. Ku kuma da kuka zauna, ko don iyaye ko don ra'ayi, kada wanda ya sa ku ji kamar kun gaza. Ina ganinku, kuma ina sa ku a addu'a kafin in sa kowa.

Ta ƙarshen da ta zo mini sallama, na tambaye ta wa ta bari a ɗakin haihuwarsu. Ta ce yara biyu ne sababbin fitowa. Na ce saura kwana nawa jirginki? Ta ce wata ɗaya da 'yan kwanaki. Na ce to ki koma, ki tsaya a kansu dare da rana, har sai kowacce ta iya tsayar da jini da hannunta ba tare da ta waiwayo neman ki ba. Ta yi shiru, ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "In sha Allahu, Mama." Washegari da asuba aka ce an gan ta a bakin aiki.