Filin Manoma: Idan Kulocin A-kori-kura Ya Fara Santsi

A ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Bichi gona kusa da gona ta ke, ba a barin saura, shekara da shekaru ƙasa ɗaya a ke nomawa. Abin da ya riƙe ta shi ne taki. Da can jakai ne su ke ɗaukar takin da mangala, su kuma kwaso amfanin gona da kaka. Yanzu rabin wannan wahala ta koma kan tsohuwar a-kori-kura. Tun 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, har yau kuwa a kan ga sauran 504 a hanyoyin ƙauyuka, tare da tsofaffin Toyota da Datsun. Manomin da ya ke da irin wannan mota, ko shi kaɗai ko da haɗin gwiwar 'yan'uwa, ba abin da ya fi tsaya masa a rai kamar ya yi lodin gyaɗa da asuba za shi Dawanau, ko ran Lahadi za shi kasuwar Ɗambatta, ya taka totur, inji ya yi ta kuka amma mota ta ƙi ja.

Wannan shi ne santsin kuloci. Ba ya zuwa rana ɗaya, ya kan yi sallama tukuna. Da fari sai a ga a hawa, ko cikin giya ta huɗu da kaya, ƙarar inji ta ɗaga amma gudu bai ƙaru ba. Sa'an nan a riƙa jin wani ƙauri kamar na ƙonannen birki. Mota ta fara shan mai fiye da yadda aka saba. Kuma sai an ɗaga ƙafa kusan ƙarshe kafin ta motsa.

Kafin a taɓa sifana ya kamata a san yadda abin ya ke aiki. A bayan inji akwai wani babban faifan ƙarfe mai nauyi wanda ya ke juyawa tare da injin, makanikai su na kiransa filawil. A jikinsa a ke jingina faifan kuloci, wanda aka manna wa wata ɓawo irin ta birki gaba da baya. Sa'an nan ga murfi mai sifirin wanda ya ke danne faifan da ƙarfi. Misalinsa kamar mutum ya matse faifai tsakanin tafin hannuwansa biyu. In ya matse sosai, duk inda hannu ya juya faifai ya bi. In ya sassauta, ko kuwa hannun da mai, sai hannu ya juya faifai na tsaye. To, dalilan santsi ke nan guda uku: ko murfin bai samu damar dannewa duka ba, ko ɓawon faifan ya cinye, ko mai ya shiga.

Gwajin ba wuya. A tsaya a fili inda ba mutum ko dabba a gaba, a ja hambirki sosai, a sa giya ta uku, a ɗan taka totur, a saki kuloci a hankali. Lafiyayyen kuloci nan take zai kashe inji. In kuwa an ɗauke ƙafa ɗungum inji na ci gaba da aiki, santsi ya tabbata. Kada a daɗe ana wannan gwaji, daƙiƙa biyu ko uku sun isa, don shi kansa ya na cin faifai.

Abin da ya fi kamata mai mota ya riƙe shi ne wannan: kada a yarda a sauke giyabos sai an duba wasan feda. Watau in aka danna fedar kuloci da yatsun hannu, lalle ta ɗan tafi sakayau kafin a ji ta yi tauri. A motocin da kulocinsu ya ke aiki da waya ko da sandar ƙarfe, wannan wasa kamar inci ɗaya ne, watau santimita 2 zuwa 2 da rabi. Kullum faifai na cinyewa wasan na raguwa, har ran da zai ƙare. Daga ran nan motar kamar an ɗora wa fedarta ƙafa ne dare da rana, murfi ba ya iya dannewa duka. Maganinsa noti biyu ne a ƙarshen wayar ko sandar, kusa da giyabos. A kwance na kulle, a juya ɗaya har wasa ya dawo, a sāke kullewa, a kuma yin gwajin. Aikin bai kai tsawon shan fura ba, ba a kuma kashe ko kwabo. Sau da yawa an biya kuɗin sabon faifai da na aiki alhali ciwon bai wuce wannan noti ba. Tarakta irin ta Massey Ferguson ma haka a ke duba nata.

Peugeot 504 da galibin Toyota kulocinsu da man birki ya ke aiki, ba da waya ba. Su akwai tukunya ɗaya a sama bayan feda, ɗaya a ƙasa jikin giyabos. In ƙafa ta tashi, dole man ya koma sama ta wata 'yar ƙaramar kafa. In datti ya toshe kafar, ko robar ciki ta kumbura, ko an matsa sandar feda har ba wasa, sai man ya tsaya ya na tokare da kuloci. Abin da ya fi kumbura roba kuwa shi ne baƙin mai ko man giya da wani ya zuba ran da man birki ya yanke masa a daji. Yadda a ke ganewa, a ɗan kwance notin fitar da iska na tukunyar ƙasa ba tare da an taka feda ba. In mai ya yi tsartuwa da ƙarfi, kuma santsi ya ɗauke bayan an ɗaure, to faifai ba shi da laifi. Sai a wanke tukwane da sabon man birki, a sāke robobi.

In an yi duk wannan santsi bai bari ba, ba makawa sai an buɗe. Ana iya yi a gida, amma ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma nan ne haɗari ya ke. Giyabos ya fi ƙarfin wanda ya ke kwance rigingine. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ta ke kan jak kaɗai, kada kuma a tokare ta da tubali ko bulo, don su kan ruguje ba gargaɗi. A nemi ƙasa mai tauri, ba rairayi ba, a sa guma-guman itace masu faɗi, a datse tayoyi da duwatsu, a kori yara. A cire kan batir tun farko. Sa'an nan a kwance farfela bayan an yi mata alama da alli, a cire sandar giya da sitata da tukunyar ƙasa, a tallafe inji, a ja giyabos baya sak, kada a bar shi ya rataya a kan sandarsa. A wasu motocin ya fi sauƙi a ciro injin ta gaba. Notocin murfi kuwa kaɗan-kaɗan a ke kwance su, wannan sa'an nan na daura da shi.

Ƙurar da za a tarar ciki kada a hure ta da baki. Tsofaffin faifai da yawa da asbestos aka yi su, ƙurarsa kuwa ta na lalata huhu. A share da jiƙaƙƙen tsumma.

Yanzu sai duba. In ɓawon faifai ya cinye har ya zo daidai da kawunan ƙusoshin da su ka riƙe shi, ya gama aiki. In ya yi baƙi da danƙo, mai ne ya shiga, ko daga robar bayan inji ko daga ta gaban giyabos. Wanda ya sa sabon faifai bai toshe yoyon ba, ya sayi faifan da zai kuma saya kafin a gama sussuka. Faifan da ya sha mai ba ya wankuwa. Wasu su kan kwarara fetur ta kafar ƙasa, mota ta ja kwana biyu, zafi ya sāke fito da man. A shafa filawil da yatsa. Ƙyalli kaɗan samfefa za ta ɗauke shi, amma in ya yi shuɗi da zane-zane ko ya tsattsage, sai an kai wa masu injin gyaran ƙarfe a Kano su daidaita fuskarsa. Murfin da yatsunsa su ka cinye, ko ba su tsaya daidai da juna ba, shi ma a sāke shi, haka boris ɗin da ya ke danna su in ya na ƙara. Boris shi ne mafi araha, shi ne kuma wanda rowa ta kan sa a bari, a zo a kuma sauke giyabos saboda shi.

Mai zuwa Ƙofar Ruwa sayen kaya ya tafi da tsohon faifan a hannu. A gwada faɗi, a ƙirga haƙoran tsakiya, in da hali a zura shi a sandar giyabos kafin a ɗaura. Ɗan Beljiyam mai sauran kauri ya fi sabon jabu, amma sai wanda ya san kaya ya raka shi.

Wajen mayarwa, a goge filawil da murfi da ɗan fetur, ba kananzir ba, a wanke hannu daga maiƙo. Faifai na da gaba da baya, galibi gefen da cibiyarsa ta fi tudu shi ke duban giyabos. Hanya mafi aminci ita ce a lura da yadda tsohon ya fito. Dole ya zauna a tsakiya daidai, in ba haka ba giyabos ba zai shiga ba. In ba a sami tsohuwar sandar giyabos ba, sai a fiƙe itace daidai da ramin, a zura, a ɗaure notocin murfi da kaɗan-kaɗan a giciye, sa'an nan a zare. Giris ɗan ƙanƙane a haƙoran sanda, kada ya yi yawa har ya fantsama. In giyabos ya ƙi shiga a jijjiga shi, a ɗan juya sandar, kada a jawo shi da ƙarfin noti.

Saura abin da ya cinye na farkon. Galibin ƙananan a-kori-kura an yi su ne don kayan da bai wuce tan ɗaya ba ko sama kaɗan, watau kamar buhu 10 na gero. A kan ɗora ashirin, a ƙara fasinja a sama, a bi burtali mai rairayi. In ta kafe, direba ya yi rabin kuloci ya na ba ta wuta har hayaƙi ya tashi. Kafewa ɗaya irin wannan ta fi tafiyar wata guda a kwalta cin faifai. A sauke rabin kaya, a tone gaban taya, a shimfiɗa kara, a fita da giya ta ɗaya. A daina ɗora ƙafa kan feda ana tafiya, a daina tsai da mota a hawa da kuloci maimakon birki. Sabon faifai kuma a ba shi mako guda ko biyu da kaya marasa nauyi don ya zauna, bayan nan a kuma duba wasan feda, domin ya kan canja. Wanda ya ke so sabon kuloci ya riski kaka a zaune, sai ya yi aikin tun gero bai fid da kai ba.