Ɗan Wasa In Ya Ji Ciwo

Edita ya roƙe ni in rubuta wa ɗalibanmu wani abu game da wasanni, tun da yake na daɗe ina riƙe da usur a filin kolejin nan. To, ba zancen cin kofi zan yi ba. Zancen wanda aka ɗauko daga fili ranga-ranga zan yi, gama kowannenku in ya fita ya kama koyarwa, ko a nan Jalingo, ko Zing, ko Wukari, ko can bisa dutse a Gembu, lalle wata rana yaro zai faɗi a gabansa.

Kun san yadda filayenmu suke da hunturu. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ta ƙone, ƙasa ta yi tauri kamar daɓe. A irin wannan lokaci ne wani ɗalibina, ba zan ambaci sunansa ba, ya yi tsalle zai sa wa ƙwallo kai, ya sauko a karkace, gwiwarsa ta yi ƙara. Muna shirin wasannin kolejojin horon malamai ne, watau NICEGA, shi ne kuwa kyaftin. Likita ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ce ta tsinke. Irin wannan, ko an yi aiki, akan ɗauki wata 9 ko fiye kafin a koma fili.

Ran farko yaron bai yarda ba. Ya ce, "Malam, targaɗe ne kawai. A kira mai ɗori, jibi zan buga." Bayan kwana kaɗan sai fushi, da wanda ya ture shi, da likita, har da ni. Sa'an nan wata rana ya dube ni ya ce, "Malam, ni ma na zama Amokachi ke nan?" Daniel Amokachi yake nufi, ɗan Kaduna, wanda ciwon gwiwa ya kama a 1998 yana da shekara 25, bai kuwa sake komawa yadda yake ba.

A 1969 wata likita a Amurka, Elisabeth Kübler-Ross, ta bayyana halin da majinyaci yakan shiga in ya ji ajali ya matso: musu, da fushi, da neman mafita, da baƙin ciki, kana dangana. Masanan wasanni suka ari wannan bayani domin 'yan wasa. Amma daga baya an gane ba tsani ba ne da kowa zai taka daki-daki. Wani yakan dangana yau, gobe fushi ya dawo sabo. Abin da ya fi nauyi shi ne yadda yaron ya fassara ciwon a ransa. Wanda ƙwallo abin shaƙatawa ce gare shi, ƙafa kaɗai ke masa ciwo. Wanda kuwa ya sa rai wata rana za a kira sunansa a filin Jolly Nyame, kuma ba a san shi da kome a koleji ba sai ƙwallo, gani yake shi kansa aka rasa.

Ga inda na yi kuskure, ku lura da kyau. Makon farko ɗakinsa cike yake da masu sannu, wannan da lemo, wancan da ayaba. Mako na uku ba kowa, har ni. Na naɗa sabon kyaftin ban gaya masa ba, a bakin abokan ɗaki ya ji. Ya daina zuwa aji, abinci sai an matsa masa, da rana barci, da dare ido biyu. Da na je, abin da na iya ce masa shi ne, "Yi haƙuri, kai namiji ne." Haƙuri abu ne mai kyau, amma ni na faɗa ne don in rufe masa baki in tafi abina, shi ma ya gane.

Abin da ya gyara al'amarin ba wani babban abu ba ne. Na sa aka riƙa kawo shi fili da sandarsa, na ba shi littafin kiran suna da usur, ya zauna kusa da ni. Muka daina ƙirga watannin da suka rage, muka koma ƙirga abin da ya iya a mako: yau gwiwa ta ɗan lanƙwasu, wani mako ya taka ba sanda. Amma fa in kun ga rashin barci da ƙin abinci sun kai mako 2, ko yaro ya fara cewa zamansa a duniya ba amfani, wannan ya wuce malamin wasanni. A sanar da iyayensa, a kai shi ga likita ba da jinkiri ba.

Saura tsoro, shi ne kuwa yakan daɗe bayan ƙafa ta warke. Wani bincike na 2014 ya tattara labarin waɗanda aka yi wa aikin wannan jijiya, ya tarar cikin 100 wajen 81 sun koma wani irin wasa, amma wajen 55 ne kaɗai suka koma gasa. Tsoron sake jin ciwo yana cikin manyan dalilai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kada ku kira irin wannan yaro rago a gaban 'yan'uwansa, domin abin da za ku samu shi ne ya ɓoye zafi ya shiga fili da ɗanyar gwiwa.

Nawa ɗalibin ya dawo da hunturun da ya zagayo. Ran da ya fara bugawa, ƙwallo ta taso sama daidai kansa, ya tsaya yana kallonta har ta wuce. 'Yan kallo suka yi masa ihu, ni kuwa ban ce kome ba. Sai a wasa na huɗu ya yi tsalle.