Jan Hankali a Fim ɗin Leƙen Asiri: Nazarin Wani Fage na North by Northwest

Yawancin masu zuwa silima a ƙasar Hausa sun san fim ɗin leƙen asiri ne ta hanyar James Bond, wanda ya fara fitowa a Dr. No cikin 1962. Shi ya sa da an ambaci irin wannan fim sai hankali ya koma kan harbe-harbe da tseren motoci. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna wata dabara da ta fi waɗannan riƙe mai kallo, watau jinkirta masifa bayan an sanar da zuwanta. Misalin da aka zaɓa shi ne North by Northwest, fim ɗin Alfred Hitchcock na 1959.

Tauraron fim ɗin, Roger Thornhill, ma'aikacin kamfanin talla ne, wanda wasu 'yan leƙen asiri suka zaci shi ne George Kaplan. Alhali kuwa babu wani Kaplan a duniya. Suna ne kurum da hukumar Amurka ta ƙaga don ta ɓad da sawun wakilinta na gaskiya. Ana bayyana wa mai kallo wannan asiri tun da wuri, a bar Thornhill cikin duhu. Tsarin ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi da tatsuniya, inda yara kan san makircin Gizo tun kafin Kura ta faɗa ciki, amma duk da haka su ƙagu su ji yadda za ta kaya.

A fagen da ake nazari, an yaudari Thornhill ya sauka daga bas a tsakiyar gonaki, da rana tsaka, wai zai sadu da Kaplan. Babu lungu, babu inuwa, ko kiɗa babu. Mota ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, mai kallo yana zaton kowacce ita ke ɗauke da ajalin bawan Allah. Can sai ga wani mutumin karkara ya zo jiran bas. Ya hangi wani ƙaramin jirgin sama, ya yi mamakin ganin yana feshin magani a inda ba shuka, sa'an nan ya shiga bas ya tafi abinsa.

A kan wannan magana ta manomi fagen ya dogara. Mutumin Funtuwa ko Malumfashi, inda auduga ta daɗe da zama abin dogaro, masara kuma ta bunƙasa bayan shirin raya aikin gona da Bankin Duniya ya tallafa daga 1975, zai riga ɗan birni gane hatsarin, domin ya san tsadar magani, ya san ba mai zubar da shi a fako. Thornhill kuwa, da kwat ɗinsa da laktaye, bai farga ba sai da jirgin ya juyo kansa.

Har wa yau, karan masarar da ya ruga ya ɓuya a ciki bai fisshe shi ba, don jirgin ya zazzago masa maganin feshi, ya fito dole. Kayan aikin gona ke nan ya zama makami, kuma abin da mutum ya saba da shi ya fi baƙon makami ban tsoro idan ya juya masa.

Akwai rauni a labarin, ba shakka: masu neman ran mutum ɗaya ba su bukatar jirgin sama. Sai dai ba a ba mai kallo sararin yin wannan tambaya ba, har jirgin ya ci karo da tankar mai, wuta ta tashi. A nan ne kiɗa ya dawo.