Dogon Hutu Da Yara A Gida: Darasi A Kan Yumɓu Da Ramukan Kuza

Dogon hutun makarantu a Jos yakan fara ne wajen ƙarshen watan Yuli, ya kai cikin Satumba, wato daidai lokacin da damina ta kankama. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, saboda haka ruwan Agusta yakan zo da sanyi da hazo, wani lokaci a wuni ana yayyafi. Uba ya tafi aiki, uwa ta tafi kasuwar Taminus ko gona, an bar yara a hannun babbar yayarsu wadda ita ma ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. Yaro kuwa ba ya zama haka kawai. In ba a ba hannunsa aiki ba, ƙafarsa za ta nema masa.

Inda ƙafar take kai shi ne abin tsoro. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a wannan tudu, aka yi ta yi har kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985. Da aikin ya ja baya, an bar ramuka birjik a Rayfield, Bukuru, Barikin Ladi da ƙauyukan da ke kewaye, ruwa ya cika su, suka zama tafkuna. A ido suna da kyau, ruwan a kwance lumui. Amma ramin kuza ba kamar rafi yake ba, wanda mutum yakan shiga a hankali daga idon sawu zuwa gwiwa. Gaɓarsa a tsaye take, taku ɗaya ne tsakanin tudu da zurfi, ruwan ƙasa yana da sanyin da ke ɗaure gaɓoɓi, ga laka mai riƙe ƙafa. Da damina gaɓar takan jiƙe ta zabtare. Wanda ya iya iyo ma yakan rasa inda zai kama ya fito. A 'yan shekarun nan kuma an sami sababbin ramuka na masu haƙa da hannu, har a watan Fabrairu na 2025 gwamnatin Jihar Filato ta ba da umarnin dakatar da haƙar ma'adinai na wani lokaci, kuma cikin dalilan da ta bayar akwai yaran da suke barin makaranta su shiga ramuka.

Hana yaro fita kaɗai ba ya wadatarwa. Gidaje da yawa sun sami wata hanya mai sauƙi, wato a miƙa masa waya ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, mai shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, ya kuma sami aƙalla awa uku yana motsa jiki. Waya tana sa gida ya yi tsit, amma yaron da ya wuni da ita bai koyi riƙe kome da yatsunsa ba.

Abin da ya fi dacewa da yaran wannan ƙasa yana ƙarƙashin ƙafarsu, wato yumɓu. Haƙar kuzar nan da ta bar ramuka, ita ce kuma ta tono wani abin alfahari. A 1928 ma'aikata suka ci karo da wani ɗan gunki na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. A 1943 aka kawo wa wani jami'i mai suna Bernard Fagg wani kan mutum na yumɓu daga wajen Jama'a, wanda wani ya ɗora a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye. Bincike ya nuna waɗannan ayyuka sun haura shekara 2,000. Fagg ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, inda daga baya Sylvia Leith-Ross ta tara tukwane daga sassa daban daban na Nijeriya. A gefensa akwai filin da aka gina kwatancin gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano, ga kuma gidan namun daji. Iyali da yawa sun shekara ashirin a Jos ba su taɓa leƙawa ba, sai baƙi daga nesa. Ranar Asabar ɗaya a can, kafin a fara aikin yumɓu a gida, takan sa yaro ya ɗauki abin da muhimmanci. Wanda bai sami zuwa ba, ya ciro takardar naira ashirin ya nuna wa yara hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya. Tun tana ƙarama ta koya a gida, a wurin wata 'yar'uwar iyayenta, kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta garin da ake kira Suleja yanzu a 1954, sunanta ya kai har Ingila da Amurka.

Wajen samo yumɓun ne ake bukatar hankali. Kada a aiki yara su ɗebo a bakin rami, domin an kai su ga abin da ake gudu ke nan. Kada kuma a ɗebi tarin ƙasa ko baƙin yashin da aka bari bayan wankin kuza. Masana sun auna irin wannan yashi sun tarar yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin da ido ba ya gani, mai cutarwa in an daɗe tare da shi, don haka bai kamata ya shiga hannun yaro ko ɗakin kwana ba. A saya a wurin mata magina tukwane, ko babba ya haƙo a fadamar da ba a taɓa aikin kuza ba.

In an kawo, sai a shanya shi ya bushe, a daka, a tankaɗe don fitar da tsakuwa da saiwa. Wannan aikin manyan yara ne, kuma suna sonsa. A jiƙa garin ya kwana, sa'an nan a cuɗa shi da ɗan garin fasasshen kasko da aka daka, domin shi ne yake hana tsagewa. A yi ta murzawa har ya daina manne wa tafin hannu. Ɗan shekara uku ba ya bukatar a koya masa kome: a ba shi curi, ya mulmula, ya lapta, ya huda da yatsa, babba yana kusa don kada ya kai baki. Ɗan shekara biyar zuwa bakwai yana iya murza yumɓu ya zama kamar igiya, ya naɗa shi zobe bisa zobe a kan faffaɗan gindi, ya shafe da jiƙaƙƙen yatsa, sai ga ɗan kasko. Kada kaurin ya wuce babban yatsa. A ajiye a inuwa, ba a rana ba, kuma a cikin laimar Agusta yana iya ɗaukar mako guda ko fiye kafin ya bushe. Gasawa aikin manya ne kaɗai, kuma abin da bai bushe sarai ba yakan fashe a wuta. Ba lalle ne a gasa ba. Wanda ba a gasa ba in ya karye sai a jiƙa shi a sāke wani.

A nan ne iyaye da yawa sukan yi kuskure. Yaro ya kawo saniyarsa mai ƙafa uku, uba ya karɓa ya gyara masa, ko uwa ta yi dariya ta kira maƙwabciya ta gani. Daga ranar yaron ya daina kawowa. Ya fi kyau a tambaye shi sunan saniyar da inda za ta, a bar ta da ƙafafunta uku a kan taga. Iyalin da suka karanta Irmiya sura 18 a sujadar yamma bayan irin wannan wuni za su ga yara sun gane zancen maginin tukwane da abin da ya lalace a hannunsa fiye da yadda dogon bayani zai sa su gane.

Ranar da ba a taɓa yumɓu ba, akwai dankalin Turawa, wanda Bokkos da Mangu suke cika kasuwa da shi da damina. Wanda fatarsa ta yi kore ko ya yi tsiro da yawa bai dace da tukunya ba, gama yana da guba. Maimakon a zubar, babba ya raba shi biyu, ya sassaƙa tauraro ko ganye a fuskar, yara su tsoma a ruwan zoɓo mai kauri, ko shuɗin bula, ko garin gawayi da aka dama da kokon sitaci, su buga a bayan tsohuwar kalanda. Tsohon buhun shinkafa da aka cika da ƙasa da taki aka huda gindinsa yana ba da alayyafo cikin mako uku zuwa huɗu, wato kafin a koma makaranta yaro ya ci miyar abin da ya shuka. Motar kara kuwa sai a bar ta zuwa hutun Kirsimeti, lokacin da karan dawa ya bushe. A gargaɗi yara kuma kada su karya ƙerana da ake shinge da ita a ƙauyuka don neman abin wasa, domin farin ruwanta yana ƙona ido.

Uwa ɗaya ba za ta iya wannan duka ba alhali tana neman abinci. Amma in gidaje huɗu ko biyar na unguwa ɗaya suka raba kwanakin mako, kowane gida ya karɓi yaran wuni guda, nauyin ya yi sauƙi, kuma zumuntar mata ta riga ta san gidan kowa. Gidan da yake karɓa ya zagaya tun da safe ya duba ruwan da ke cikinsa, gama haɗarin ba a Rayfield kaɗai yake ba. Da damina kowane tsakar gida cike yake da bokiti da baho da duro da aka tara ruwan sama. Yaro mai tatata kansa yana da nauyi in aka kwatanta da girman jikinsa. In ya leƙa bokiti ya kifa ciki ba ya iya ɗagowa, ba ya kuma yin kuka. A rufe rijiya da murfi mai kwaɗo, a ɗaure bakin duro, ruwan wanke hannu bayan aikin yumɓu kuma a zubar da shi nan take, a kife bokitin.