Kindirmo a Lokacin Hunturu

Shanu sun daɗe a ƙasar nan. Zanen da mutanen zamanin da suka bari a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, a Birnin Kudu, mafi yawansa na shanu ne, kuma har yau nono na cikin abin da ke riƙe gidaje da yawa daga nan har Gwaram. Sai dai da zarar hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, kukan masu nono ɗaya ne: an kwantar da madara da magariba, gari ya waye ba ta yi barci ba. Wata ta ce saniya ce, wata ta ce baki ne. Laifin na sanyin dare ne, kuma yana da magani wanda ba ya cin kuɗi.

Abin da ke mai da madara kindirmo wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, ya nuna haka a 1857. Ƙwayoyin suna cikin ɗan tsohon nonon da ake zubawa a matsayin iri. Su ke cin zaƙin madara su mai da shi tsami, tsamin kuma shi ke sa ta daskare. Tun da masu rai ne, ɗumi suke so, kamar na jikin mutum ko sama da shi kaɗan, wajen digiri 37 zuwa 43. Da bazara ɗaki da kansa ke ba su ɗumi. Da hunturu kuwa, kafin asuba sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15, sai aikinsu ya yi sanyi, ƙwarya ta wayi gari tsululu. Don haka aikin mai nono shi ne ta tsare ɗumin da madara ta zo da shi daga wuta. Ta tafasa ta tukuna, domin tafasa na kashe ƙwayar tarin fuka da ta bakkale da kan biyo ɗanyar madara. Ta bar ta ta huce har in ta ɗiga a bayan hannu ta ji ɗumi ba ƙuna. Sannan ta ɗauraye ƙwarya da ruwan zafi, ta zuba, ta sa iri kamar cokali biyu a kowace lita, ta rufe da faifai, ta naɗe da bargo ko tsohon zane mai tsabta. Kada ta ajiye a daɓe, don ƙasa na zuƙe ɗumi. Ta ɗora a kan buhun dusa ko ƙaiƙayi, can ƙuryar ɗaki nesa da ƙofa. Babbar ƙwarya ɗaya ta fi ƙanana uku riƙe ɗumi. Mai kular abinci ma tana iya amfani da ita.

Wata za ta ce, in ɗumi ake nema, ai sai a kai ƙwarya bakin murhu. Nan ne ake yawan asara. Gefen da ke fuskantar wuta yakan yi zafin da zai kashe ƙwayoyin, ɗaya gefen na sanyi, kafin tsakar dare kuma wuta ta mutu. Sakamakon shi ne nono ya tsinke, ruwa a sama, gudaji a ƙasa, wanda ba mai saya da daraja a kasuwar Sara. Wata kuma za ta ce a ninka iri. Yana ɗan taimakawa, amma iri mai yawa cikin madara mai sanyi tsamin jiya kawai yake ƙarawa, kauri bai samu ba. Akwai kuma mai cewa a bar shi ya ƙara kwana, zai kama. Zai kama, amma duk tsawon lokacin da madara ta yi ba tsami, ƙwayoyin da ke ɓata ta suna samun sarari, kuma yara ne za su sha furar. Idan an naɗe ƙwarya da kyau, aka daina buɗewa ana leƙawa, awa takwas zuwa goma sun isa. Da safe a kwance bargon, a ɗebe irin gobe da cokali mai tsabta, sauran a kai inda ya fi sanyi a gidan don kada tsami ya wuce kima.